Yarona ba ya cin komai sai Indomie da lemon kwali, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara, yarona ɗan shekara 5 ne ƙanwarsa 3, wallahi in ba Indomie ba ko biskit da lemon kwali ba ya saka komai a baki, in na yi tuwo miyar kuka sai ya ce wari take masa, yanzu ita ma ƙaramar ta fara kwaikwayonsa. Kuma a bene muke nan Kano, babu tsakar gida, daga dawowa makaranta sai waya da katun har magariba. Kwanan nan ya fara kukan haƙori, ga shi sai ya kwana biyu bai yi bayan gida ba. Abin yana damuna sosai.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumussalam 'yar uwa, na sha wannan. Ki fara daina sayen lemon da katan ki ajiye a gida, abin da yaro ya gani a firij shi zai nema. Ni ban hana Indomie lokaci ɗaya ba, sai na rage magin cikinta rabi saboda gishiri ya yi yawa, na riƙa zuba ƙwai da karas da alayyahu yankakke ƙanana, a hankali ta koma sau biyu a sati. Kuma ki zauna ku ci kwano ɗaya, in ke kina shan lemo kina ba shi ruwa ba zai taɓa yarda ba.

Malamar asibiti: Anti rashin bayan gidan nan ƙarancin ruwa da ganye da kayan marmari ne galibi ke kawo shi. Ki ba shi gwanda, kankana, lemon zaƙi da tsokar cikinsa, wake, ɗanwake, kwaɗon zogale da ƙuli. Kwalbar Coca-Cola ta 35cl sukarin cikinta ya kai ƙaramin cokali 9, yawancin na kwali ma ba su da nisa da hakan, shi ne ke cin haƙori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 ya samu aƙalla minti 60 kullum na wasan da zai sa shi haki, mai shekara 3 zuwa 4 kuma kallo kar ya wuce awa 1 a rana. Haƙorin kam ki kai shi likita ya duba, kar ki jira ya kumbura.

Wani uba daga Maradi: Hajiya ki sa babansu a ciki. Ni bayan la'asar nake fita da nawa filin makarantar unguwa mu buga ƙwallo, ranar da muka fita ba a roƙonsu cin tuwo, yunwa ce ke kawo su.

Kaka: Ɗiyata kar ki doke shi a kan abinci, kuma ban da ɗura, zai ƙara tsanarsa ne. Ki zuba masa kaɗan, ya ƙi ki ɗauke, amma kar ki bi shi da biskit, gobe ki sake kawowa. Mu da muna yara goruba da aya da magarya ne alawarmu, da kunun gyaɗa da safe, sai langa da 'yar gala-gala har a kira mu. Ko a baranda ai ana zana gala-gala da alli, igiyar tsallake ma ba ta cin wuri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri. Yau na sa shi ya taya ni tsinke zogale kuma ya ci loma uku na kwaɗon, alhamdulillah. Saura kakarsu ta wajen uba da ke cika musu aljihu da alawa duk Juma'a, ita kam ban san ta ina zan fara mata magana ba.

Kaka: Ba ke za ki faɗa ba, ɗanta zai faɗa. Ya kai mata dabino da gyaɗa ya ce su za ta riƙa ba jikokin.