Littafin da Yaro Zai Ga Kansa a Ciki

Malaman ƙananan yara da iyayen da suka tattauna batun sun yi ittifaƙi cewa ɗan shekara 2 zuwa 3 ya fi natsuwa idan labarin nasa ne. Sau da yawa sunansa ne kalmar farko da yake ganewa a rubuce, saboda haka a rubuta shi da manyan baƙaƙe a wuri guda a kowane shafi, mai karantawa ya riƙa ɗora yatsa a kai.

Wane suna? Wanda ake kiransa da shi a gida. Idan Abba ake ce masa saboda alkunya, a rubuta Abba, domin sunan yanka da bai saba ji ba ba zai ja hankalinsa ba. A kuma duba kada mai bugawa ya mai da ƙ da ɗ zuwa k da d.

Shafi 8 zuwa 10 sun isa, kowanne hoto ɗaya, jimla ɗaya. Hotunan gida sun fi zane: shi yana wanka, kakarsa, akuyar gidan. A manna su a kwali mai kauri, a rufe da leda, a dakushe kusurwoyin, a ɗinke da zare. Ban da maɓallai da duwatsun ado, don komai baki yake kaiwa.

Kuskuren da aka fi nanatawa shi ne cusa suna cikin labarin da bai yi kama da rayuwar yaron ba, ko a yi ta yabonsa shi kaɗai. A sa 'yan'uwansa suna magana, suna taimakon juna. Wajen karatu a tambaye shi, "Wace ce wannan?", a jira ya amsa. Minti 10 kullum ya wadatar.