Wace kalma za mu ba "aisotof" a darasin zirkon?

Malamin Duwatsu: Assalamu alaikum. Ana shirya darasi da Hausa kan yadda ake gane shekarun ɓawon nahiya daga ƙwayar zirkon, wani ma'adini da ake samu ƙanana-ƙanana a cikin duwatsu. Sunan zirkon a bar shi yadda yake. Aisotof ce ta tsaya mana. Ga abin da kalmar za ta ɗauka: zirkon na karɓar yuraniyam lokacin da yake ƙulluwa cikin narkakken dutse, amma ba ya karɓar dalma. Yuraniyam 238 kan rikiɗe ya zama dalma 206, rabinsa na ƙarewa cikin shekara biliyan 4.47. Yuraniyam 235 kuma ya zama dalma 207, rabinsa cikin shekara miliyan 704. Don haka yawan dalmar da ta taru a cikin ƙwayar shi ne agogon da ke nuna shekarunta. Yuraniyam 238 da 235 sinadari ɗaya ne, nauyi ya bambanta, lambar ce ke nuna nauyin; irin wannan ake kira aisotof. Na kawo shawarar "tagwaye".

Malama Mai Fassara: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, tagwaye biyu ne kacal, oksijin kuwa uku gare shi: 16, 17 da 18. Me zai hana "'yan uba"?

Mai Ɗakin Gwaji: Malama, wannan zai ci karo da abin da muke faɗa kullum. Yuraniyam 238 uwa ce, dalma 206 'yarta. In aka ƙara 'yan uba, ɗalibi zai ɗauka 235 da 238 wani ne ya haife su. Ni "takwara" nake so: suna ɗaya, kowa da jikinsa.

A gwada ta cikin aiki. Ana daka dutsen, a tankaɗe, a wanke, a zuba garin cikin ruwa mai nauyi; zirkon ya nutse don nauyinsa ya ninka na ruwa sau 4.6, farin yashi ya taso. Maganaɗisu ya janye masu ƙarfe. Sauran a tsince su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a kafe su cikin ƙaro, a goge har tsakiyar kowace ƙwaya ta bayyana. Dole a ɗauki hoton cikinta tukuna, domin sau da yawa tsohuwar ƙwaya ce sabon zobe ya lulluɓe. Ramin da hasken leza ke haƙawa a ƙwayar don a auna yuraniyam da dalma, faɗinsa wajen maikiron 30 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), amma in ya hau kan iyakar biyun, shekarun da zai bayar ba na kowa ba ne. Wata matsalar kuma, tururin yuraniyam na lalata ginin ƙwayar har dalma ta zurare. A nan takwarorin biyu ke ceton mu: in agogon 238 ya saɓa wa na 235, an san dalma ta ɓace.

Malama Mai Fassara: Ta zauna daram. Tsorona ɗaya, kunnen mai sauraron labarai ya saba da "takwaransa na Nijar", kada ya ɗauka wani sinadari ne daban mai matsayi ɗaya.

Malamin Duwatsu: Lamba za ta raba gardama, kada a taɓa rubuta ta ba nauyi a gefe. Misali: zirkon na Jak Hils a yammacin Ostireliya ya kai shekara biliyan 4.4, kuma yawan takwarar oksijin 18 a wasu ƙwayoyin wurin ya ɗara na zirkon da ya fito daga can ƙarƙashin ɓawo, alamar dutsen da ya narke ya taɓa haɗuwa da ruwa a doron ƙasa. Takwarorin sinadarin hafniyam 176 da 177 da ke cikin zirkon su ke nuna ko ɓawon sabo ne, ko tsoho ne aka sake narkawa. Tambayar ta shafe mu: duwatsun arewa da yawa sun kai wajen shekara miliyan 600, amma a yankin Kaduna an samu zirkon mai kusan biliyan 3.5.

Mai Ɗakin Gwaji: To a ambaton farko a rubuta "takwarar sinadari, wato aisotof", daga nan takwara kaɗai, jam'i takwarori. Ga samfurin da za a nuna wa ɗalibai, turɓayar da ta rage bayan wankin kuza a Jos na da zirkon, sai dai a kiyaye shaƙar ƙurarta.

Malama Mai Fassara: Na amince. Zan gyara darasin a kan haka.