Na sa wa Hilux bambar ƙarfe, gabanta ya durƙusa

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka min da shawara. Ina da Hilux 2012 mai shan fetur, inji 2.7, da ita nake shiga ƙauyuka sayen hatsi, hanyar duk burji ce ga dabbobi suna faɗowa titi ba sallama. Bara na buge wani ɗan maraƙi da magariba, fitila ta tafi lagireto ya fashe, shi ne na je wajen mai walda ya haɗa min bamba ta ƙarfe mai kauri na kuma ɗaura winci (injin jawo mota in ta kafe) saboda caɓin damina. Kafin a ɗaura mun ɗora su a sikelin buhu, bambar kilo 62 wincin kilo 35. To tun daga ranar gaban motar ya sauka, da hannuna yana shiga sakayau tsakanin taya da bodi yanzu yatsu uku ne da ƙyar, in na taka birki sai ta durƙusa kamar raƙumi in na faɗa rami kuma sai naji gum har cikin sitiyari, tayoyin gaba sun fara cinyewa ta gefe ɗaya. Bakanikena yace a canza shokazoba, wani kuma yace a sa spesa (ɗan ƙarin da ake sawa a saman sifirin) kawai a ɗaga ta. Wanne ne daidai?

Injiniya_KD:
Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya duka biyun babu wanda zai warware maka. Shokazoba ba ita ke ɗaukar nauyin mota ba, aikinta ta hana motar yin ta lilo bayan an faɗa rami, sifirin ne ke riƙe nauyi. Kai kuma ka rataya kusan buhu guda na masara can gaba da tayoyi, nauyin da ke gaban taya kuwa ya fi danna sifirin fiye da kilonsa saboda kamar ka riƙe bokitin ruwa ne ka miƙe hannu. Spesa zai ɗaga motar a ido amma sifirin nan mai laushi yana nan, gum ɗin nan ba inda za ta je.

Abin da zaka nema shine sifirin gaba mai ƙarfi wanda aka yi don bamba da winci. Old Man Emu da Ironman 4x4 da Dobinsons duk kamfanonin sifirin ne na Ostireliya kuma suna rarraba nasu ne gwargwadon nauyin da aka ƙara, kuma na fetur daban na dizal daban don injin dizal yafi nauyi, ka faɗa wa mai sayarwa kilon da ka auna. Ka haɗa da shokazobar da ta dace da shi don tsohuwar ba zata iya riƙe shi ba. Kar ɗagawar ta wuce inci 2, don in ta wuce kuma taka mai jan taya huɗu ce shaf ɗin gaba zai karkace robarsa ta dinga yagewa, bol joyin na sama ma ya wahala. Ana gamawa ka wuce alaimen, ka sa a saita fitila.

Dan Panteka:
Ba sai ya kashe kuɗi ba oga, a ɗan ɗaure masa toshon-ba, wato sandar ƙarfen nan ta ƙasa mai aikin sifirin, haka muke wa tamu.

Injiniya_KD:
Taku tsohuwa ce malam, ta kafin 2005. Tashi sifirin naɗi ne a jikin shokazoba, babu toshon da za a ɗaure.

Baba Direba:
Ɗana ni abin da ya dame ni ba durƙusawar ba ce. Motar nan tana da iyabag (jakar iska mai kare mutum in an yi karo), bambar kamfani an yi ta ne ta lotse in an yi karo ta shanye bugun, ta mai walda kuwa in ya kafe ta kai tsaye a shasi duk bugun cikin mota zai shigo, iyabag ɗin ma zai iya tashi ba a lokacinsa ba. Shekara 30 ina tuƙi, na ga shasin da ya lanƙwashe bamba na nan lafiya lau. Ka kuma duba ko ya bar wa lagireto hanyar iska, zafin watan Afrilu ba wasa ba ne. In wincin na wayar ƙarfe ne ka mayar da shi na igiyar da aka yi don winci, zaka rage nauyi sosai.

Abban Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Baba wallahi da noti shida ya ɗaure ta a shasi, gobe zan koma wajensa mu duba. Injiniya na baya fa, tunda buhu nake lodawa sai na ƙara ganyen sifirin ko a bar shi haka?