Mota na mutuwa in ta ɗau zafi, silo na rawa: wa ya taɓa fama da wannan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata da safe kik ɗaya take tashi. Amma da zarar inji ya ɗau zafi sai silo, wato juyin inji in mota na tsaye, ya fara rawa, in na tsaya a danja ta mutu, kuma ba ta sake tashi sai ta huce. An canza fulogi da filtar mai, jiya i yau. Don Allah wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Direban haya: Wa alaikumussalam Malam. Tawa haka ta yi mini. Tana cikin tafiya sai ta ɗauke kamar an kashe makulli, ko tari babu. Sitata na juyawa lafiya, inji ya ƙi kamawa. Ashe sensar karanshaf ce. Ita ke sanar da kwamfutar mota juyin inji, to in zafi ya taɓa ta ta daina aika saƙo, wuta da mai duk tsayawa suke. Da aka jona na'urar bincike, lambar matsalar wannan sensa, P0335, ta fito. In taka ta sake mutuwa, dubi allurar juyin inji lokacin da kake kik. In ko motsi ba ta yi ba, a fara da wannan sensa.

Wata mai mota: Ni kuwa rawar silo ce kawai, musamman in na kunna na'urar sanyi. Baƙin datti ne ya taru a bakin totur, ga wani tiyo da ya tsage yana zuƙar iska. Aka wanke, aka canza tiyon, ta daidaita.

Bakanike: Hajiya, taki mai sauƙi ce. Shi Malam sai ya gaya mana: in ta ƙi tashi, yana jin warin fetur? In akwai wari, kuma baƙin hayaƙi ya fita daga salansa bayan ta kama, mai ne ya yi yawa. Ko dai nozul, mai fesa wa inji fetur, na ɗiga bayan an kashe inji, ko sensar zafin ruwa na gaya wa kwamfuta inji na da sanyi alhali ya yi zafi. In babu wari, gwada murɗa makulli har fitilun dashbod su kama ba tare da kik ba, ka ɗan jira, ka maimaita. In ta tashi da sauƙi bayan haka, famfon mai ne ba ya riƙe matsi. Kwail, mai ba fulogi wuta, shi ma kan yi haka da zafi, sai dai shi yakan fara da gargada. Abin da ke ci mini rai shi ne a yi ta sayen kaya bisa zato. A kawo motar da zafinta, a auna matsin mai da wutar fulogi a lokacin da take ƙin tashi. Da ta huce, laifin ya ɓuya.

Mai tambaya: Na gode Oga, Allah ya saka da alheri. Babu warin fetur, kuma allurar ba ta motsi sam. Zan kai a jona na'ura tun tana da zafi, in dawo muku da lambar da ta fito.