Musayar Waƙa: Ashirin Ba Ko Ɗaya

Ɗan Wunti (Litinin, 19 ga Agusta 2024, bayan isha'i)

Salamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Bauchi, PDP ta kwashe kujerun ciyaman 20 duka, APC ta Shugaba Tinubu, jam'iyyar da ke mulki a Abuja, ta tashi hannu rabbana. Na buɗe fage da ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya". Wanda ya isa ya shigo.

Da sunan Allah zan fara,
Na wasa baki na gyara,
Ran Asabar mun ɗau makara,
Mun binne mulkin tsintsiya.

Daga Toro har ƙasar Zaki,
Talaka ya yi nasa aiki,
Ya tuna kuɗin buhun taki,
Ya ce da su ba ko ɗaya.

Ran rantsuwa ya janye mai,
Lita ta haura ɗari shida, kai!
Mai keke na ta jan rai,
Fasinja sun koma tafiya.

Ashirin cif muka ba lema,
Daga birni har cikin fadama,
Ku kai wa Abuja saƙon ma,
Ciki ba ya ƙoshi da ƙarya.

Sarkin Yaƙin Lema

Allahu Akbar! Fasihi ɗan fasihi! Ka biya, Ƙauran Bauchi, Gwamna Bala Muhammad, ya gode. 'Yan shara, ina kuke? Ku fito mana.

Baffan Jekadafari (daga Gombe)

Ga ni na fito. Ɗana na Wunti, sannu da ƙoƙari, amma matso kusa.

Ɗan Wunti zo nan, ɗana,
Abin da kake wa murna,
Mun gan shi tun kan damina,
A Gombe, in kana son gaskiya.

Afrilu mun yi namu zaɓe,
Sha ɗaya cif muka karɓe,
Ba wanda ya zo ya raɓe,
Duk sun tafi gun tsintsiya.

To in naku hukuncin talaka ne,
Namu fa, na aljanu ne?
Ko fetur ɗinmu daban ne,
Ko yunwar Gombe ta san kunya?

Mai naɗa alƙalin wasa,
Shi ke biyan kuɗin aikinsa,
Ya za a ci shi a gidansa?
Wannan ba a yi ba a duniya.

Har kansiloli 114 namu ne kaf, kuma ni ɗan APC ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma ban tsara ko ɗango ɗaya a kai ba, don na san wanda ke naɗa hukumar zaɓe ta jiha. Ka tambayi kanka abin da ya sa jihohi ke ta rige-rigen zaɓe a bana. Ranar 11 ga Yuli Kotun Ƙoli ta ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa shiga asusunsu kai tsaye, kuma ba kwabo ga kantoman riƙo. Daga nan kowane gwamna ya tashi neman zaɓaɓɓu, nasa na hannun dama.

Ɗan Wunti

Baffa, da girmanka. Amma ka taɓo Bauchi, sai ka saurara.

Baffa ashe ka manta,
Daga cikinmu aka yanke ta,
Casa'in da shida aka haife ta,
Uwa ce Bauchi, Gombe ɗiya.

Ka ce ba zaɓe aka yi ba,
To na shugaban ƙasa fa, Baba?
Gomben ma ba ta ba ku ba,
Waziri ta bi, ta juya baya.

An zo Kolmani an yi biki,
An ce arziki ya zo ɗaki,
Har yau muna jiran aiki,
Matasa na zaune kan hanya.

Jagaban Bolari

Wai uwa! Ɗiyar da ta girme ku a aiki. Ku zo ku ga hanyoyin Network 11-100, kowace ƙaramar hukuma da rabonta. Baffa ka bar yaron nan, waƙarsa ta kwangila ce, a kan kwalin taliya aka rubuta ta.

Sarkin Yaƙin Lema

Kai Jagaba, mutanen da suka haifi Kalare ne za su koya mana tarbiyya? Yaushe rabonka da shigowa Bauchi ka ga titi?

Jagaban Bolari

Sara-Suka fa, daga sama suka faɗo?

Malam Mai Aruli (Misau)

A dakata da jifa. Ni waƙa ta kawo ni. Ɗan Wunti, ka buɗe da gaɓa takwas: Da-su-nan-Al-lah-zan-fa-ra. Da ka zo baiti na uku sai ga "Lita ta haura ɗari shida, kai", gaɓa goma. Kuma wannan "kai" ɗin ciko ne tsagwaronsa, ka rasa abokin "mai" ka jawo shi da ƙarfi. Baffa, kai ma ba ka tsira ba. "Ne, ne, ne" sau uku ba amsa-amo ba ne, kalma ɗaya ce ka maimaita. Haka "yanke ta" da "haife ta" na ɗanka. A gyara kafin a ci gaba.

Sarkin Yaƙin Lema

Da ma na sani. Duk wanda ya ga baiti ya ci tsintsiya sai ya fake da aruli. Malam faɗi jam'iyyarka kawai.

Malam Mai Aruli

Na gyara wa Baffa ma, ba ka gani ba?

Ni ba ni lema, ba ni tsintsiya,
Ma'aunina ba ya karɓar taliya,
Baitin da ya karye ya je jinya,
Ko wa ya rera shi a duniya.

'Yar Gwallameji

Allah ya huci zuciyar Malam, amma ban yarda ba. Karin waƙar Hausa ba a yawan gaɓoɓi yake ba, a nauyinsu yake. Gajeru biyu na iya tsayawa a gurbin doguwa ɗaya, kuma "shi-da" gajeru ne duka biyun. Na rera ɗangon nan sau da dama, bai tuntuɓe min a baki ba.

Malam yana ƙirga da yatsa,
Kunnensa kuwa ya yi tsatsa,
Kari ba lamba ba ne a latsa,
Rera shi ka ji, ya zauna lafiya.

Malam Mai Aruli

'Yata, ba a kowace ƙafa ake yarda gajeru biyu su maye doguwa ba. In an buɗe wannan ƙofa ba iyaka, kowane zube ya zama waƙa ke nan. Kuma ba ki ce komai a kan "kai" ba. Faɗa min bahari ɗaya da duk baitocinsa huɗu suka hau, ramal ne ko mutadarak, sai in ajiye alƙalami.

'Yar Gwallameji

Makaɗan gargajiya da suka cika fada da kasuwa da waƙa, wane bahari suka karanta, Malam? Kalangu ne ma'auninsu.

Malam Mai Aruli

Shi ya sa ake ce wa tasu waƙar baka. Mu nan rubutacciya muke yi.

Jagaban Bolari

Malam ya fi ku gaskiya, waƙar lema duk a karye take kamar jam'iyyar.

Sarkin Yaƙin Lema

'Yar Gwallameji Allah ya ƙara basira, kin rufe bakin 'yan adawa.

'Yar Gwallameji

Kar ka sa ni a layinku, Yaya. Kari na kare, ba jam'iyya ba. Ni ko fita ban yi ba ranar Asabar.

Goggo Mai Masa (Laraba da hantsi)

Jikata ce ta karanta min duk abin da kuka rubuta, ita ce kuma ke buga min wannan. Kwana biyu kuna faɗa a kan gaɓa. Ni ƙwar biyu na iya, Malam ya yi haƙuri da ni.

Ku bar awon gaɓa, 'ya'yana,
Ku zo ku auna min tiya.

Shinkafar da nake jiƙawa bara,
Bana rabinta ma da wuya.

Gurbin tanda goma sha biyu,
Shida kaɗai ke ganin suya.

Yaro ya zo da hamsin ɗinsa,
Yana ta kallo, ni ina kunya.

Rumfar zaɓe tana ƙofata,
Ido ya gani, ba tatsuniya.

Layin da a da yake kai masallaci,
Ran nan bai wuce darbejiya.

Ba ƙin lema ya zaunar da mu ba,
Ba kuma kewar tsintsiya.

Wanda ya san ba a ƙirga tasa,
Me zai kai shi rana ya sha wuya?

Ɗan Wunti, yunwar da ka faɗa gaskiya ce, na fi ka saninta, don ni nake sayen itace da man gyaɗa kowace safiya. Amma kada ka ce ni na aika saƙo Abuja. Ban aika ba tukuna. Katina yana ƙasan adaka.

Baffan Jekadafari

Adda, kin gama magana. Allah ya ja kwana.

Sarkin Yaƙin Lema

Goggo ai tsadar shinkafa ba daga Ƙaura take ba, daga sama take.

Goggo Mai Masa

Famfon unguwarmu fa, shi ma daga sama ya mutu? Da ajin da jikokina ke zama a ƙasa?

Kawun Ningi (Laraba da dare)

Na makara, ina gona. Yara, ku da kuke murnar ashirin, ba ku san ranar da Bauchi ta yi fushi na gaske ba. A 2007 PDP ke da gwamnati a nan da Abuja, amma Isa Yuguda ya shiga ANPP ya kayar da ɗan takararta, gwamna Ahmadu Mu'azu kuma ya nemi sanata ya faɗi a hannun wannan Bala Muhammad ɗin. A 2015 shi ma Yuguda ya nemi sanata bai samu ba. A 2019 ga Buhari a kan mulki, ga M. A. Abubakar a gidan gwamnati, aka ce zaɓe bai kammalu ba, aka yi ta ja a kan ƙuri'un Tafawa Ɓalewa, aka sake zagaye, ya sauka.

Dubu biyu da bakwai na tuna,
Muna kan akwati dare da rana,
A kasa, a tsare, a raka muna,
Lema ta faɗi ta bar hanya.

Sha tara kuma muka juya,
Mai ci ya sauka bai shirya,
Ba mu duba hoton jam'iyya,
Aiki muke bi, ba zuriya.

Wancan shi ne hukuncin Bauchi,
Mai mulki ne yake jin ɗaci,
In mai mulki ne kaɗai ya ci,
Ɗan Wunti, wa aka yi wa bulaliya?

Malam Mai Aruli

Kawu, "bulaliya" fa? Bulala muka sani. Ka ja wutsiyar kalma don ta kai amsa-amo.

Kawun Ningi

Wanda ya sha ta ya san sunanta, Malam.

Ɗan Wunti (Alhamis)

An taru a kaina, Baffa da Kawu da Goggo. Ina nan a kan bakana: mutane sun gaji da gwamnatin tarayya, wanda ya ga zanga-zangar farkon watan nan ya sani, har dokar hana fita aka sa a Azare. Amma tunda Goggo ta kawo famfo, ga nawa ga sababbin ciyamomi.

Ciyaman ka hau kujera,
Kotu ta ce kuɗinka a tura,
Ka je ka ga famfo ka gyara,
Kar ka ce gwamna ya riƙe ragowa, ƙarya.

Asibitin ƙauye ba magani,
Malamin firamare na cin bashi, mun gani,
In ka tare a birni ka bar mu a rani,
Ni zan fara yi maka waƙar tsiya.

'Yar Gwallameji

Malam, wannan karon ba zan kare shi ba, ɗango na huɗu ya yi jela.

Jagaban Bolari

Ka ji ɗan lema ya fara zagin nasu. Saura ƙiris ya karɓi tsintsiya.

Baffan Jekadafari

Jagaba yi shiru, mu ma namu sha ɗayan waƙar nan ta same su. Ɗana, yanzu ka fara magana. Ga amsar batun uwa da ɗiya da na bari ta kwana.

Ka ce Gombe ɗiya ce, na ji,
Ɗiya ta yi aure ta bar daji,
Amma tiya ɗaya muke awo, Alhaji,
Tudun Hatsi da Muda Lawal farashi ɗaya.

Naka ya ci ashirin, nawa sha ɗaya,
Goggo ba ta ƙara gurbin suya,
Ka ajiye gangar, ka riƙe ƙuri'a,
Mu haɗu a ashirin da bakwai in da lafiya.

Malam, na san "ƙuri'a" ba ta hau "ya" ba, kuma ba zan canza ta ba. Ɗan Wunti, in ka isa ka amsa min da "ji" ɗin nan, baiti uku, ba "kaji" ba "gaji".