Mai tada zaune tsaye muna da shi, to kishiyarsa fa?

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a huɗuba liman ya ce fitina barci take yi, kada a tashe ta. Muna fitowa muka kaure da gardama da wana. Shi ya ce wanda ya kama bakinsa shi ne kishiyar mai tada zaune tsaye. Ni na ce a'a, sai wanda ya shiga tsakani. Ku raba mu.

Malam Sani Azare: Wa alaikumus salam. Ai Alƙur'ani ya gama magana, sulhu alheri ne, yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 128. Mai sulhu ake cewa. Shiru ba sulhu ba ne.

Baban Ummi: Malam, shiru ma magana ce fa.

Ɗan Jekadafari: Tun da akwai mai tada zaune tsaye, sai mu ce mai zaunar da tsaye. An gama.

Maman Hanifa: Ni dai kakata, Allah ya jiƙanta, a Misau take, ba ta taɓa raba faɗa da baki ba. Gidan kawuna mata biyu ne, murhu ɗaya. Da zarar murya ta fara tashi a tsakar gida, sai Iya ta leƙo daga ɗaki da allura: "Wance, zo ki sa min zare, idon nan ya ƙi." Kafin ta miƙa kuwa ta riga ta warware bakin zaren da farce. Kishiya na huci tana lasar zare, tana kuskure, tana sake lasa. Kafin ya shiga, ɗayar ta koma kan tuwonta. Ba wanda aka ce wa yi haƙuri, ba wanda aka ba gaskiya. Bayan rasuwarta muka tuna cewa Iya ce ke tsince tsakuwa a shinkafa da magariba, ba fitila. Idonta garau!

Ɗan Wunti: Allah ya jiƙan Iya. Amma Maman Hanifa, murhun ai yana nan guda ɗaya. Gobe ma za a yi.

Maman Hanifa: Ita ma allurar tana nan ai.

Baban Ummi: A aika wa masu manyan riguna allurar nan. Lokacin zaɓe su raba wa yara ƙwaya da gora, bayan rantsuwa kuma su hau rediyo suna cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. To ku sauka mana ku zauna lafiya.

Ɗan Jekadafari: Ku koya a wurinmu. A 1996 mu 'yan Gombe muka sauke muka raba da Bauchi, ko kara ba a karya ba.

Baban Ummi: Soja ne ya raba, malam, ba haƙurinku ba.

Malam Sani Azare: Kun bar maganar. Ɗan Wunti, me wan naka ya ce daga ƙarshe?

Ɗan Wunti: Bai ce komai ba, tun jiya ma ba ya ɗaga wayata.