Kunnena ya saba da Japananci, amma idona bai san rubutunsa ba: daga ina zan fara?

Ƴar Bagalam:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maradi, kuma shekara biyu ke nan ina kallon wasannin kwaikwayon Japan masu dogon zango a wayata, musamman waɗanda tashar NHK take nunawa da safe, masu minti 15 a kowane kashi. Da fassarar Faransanci da ake rubutawa a ƙasan hoton nake bin labarin, amma a hankali kunnena ya fara tsintar kalmomi: na san *tadaima* ake cewa idan an dawo gida, na gida kuma su amsa da *okaeri*, kamar yadda muke yi wa juna sannu da zuwa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wani wuri da uwa ta bar wa ɗiyarta wasiƙa, aka daɗe ana haska takardar a cike da rubutu, amma fassarar ba ta wuce layi ɗaya ba. Na ji an rufe mini ƙofa a daidai wurin da na fi son shiga. Shin in fara koyon harshen da haruffan boko har bakina ya faɗa, ko kuwa in tunkari rubutunsu tun yanzu? Me ya sa kuma nake ganin kamar rubutu iri-iri ne a layi guda?

Malamin Lise:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Idonki bai ruɗe ki ba, rubutu iri uku ne suke aiki tare. Hiragana tana da alamomi 46 na asali, kowace alama gaɓa ce guda, kamar *ka*, *shi* ko *mo*, kuma da ita ake rubuta ƙarshen aikatau da ƙananan kalmomin da suke ɗaure jimla. Katakana ita ma 46 ce, sautukanta ɗaya da na hiragana, sai dai an keɓe ta galibi ga kalmomin aro da sunayen baƙi. Za ki ji daɗi idan kika gano cewa アンケート, wato *ankeeto*, kalmar *enquête* ce ta Faransanci. Kanji kuwa daga Sin aka aro su, kuma ma'ana suke ɗauke da ita, ba sauti kaɗai ba. Dubi wannan jimla: テレビを見ます, ana karanta ta *terebi o mimasu*, ma'ana ina kallon talabijin. Alamomi ukun farko katakana ne, を hiragana ce, 見 kanji ne, sauran biyun kuma hiragana ne, sannan aikatau ya zo a ƙarshe, saɓanin yadda muke jera magana a Hausa.

Shawarata ita ce kada ki jingina da haruffan boko fiye da mako biyu ko uku. Ni na yi wata shida ina dogara da su, kuma daga baya sai da na sha wahalar yaye idona, domin duk lokacin da rubutun biyu suka zo tare, ido wurin wanda ya sani yake gudu. Ki ɗauki alamomi biyar na hiragana kowace rana, cikin kwana goma kin zagaye su.

Akwai kuma wata riba da Bahaushe yake da ita wadda ba a cika faɗa mana ba, domin yawancin darussan don Turawa aka tsara su. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, daidai da namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere: *obasan* inna ce ko gwaggo, *obaasan* kuwa kaka ce, kuma wanda ya tashi yana bambanta garin da ake zama da garin da ake tuwo ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Suna ninka baƙi: *kite* na nufin zo, *kitte* kuwa kan sarki ne na wasiƙa, kamar dai baba da babba. Har karin sauti suna da shi, domin *ame* na iya zama ruwan sama ko alewa gwargwadon inda murya ta tashi, kamar kukan yaro da kukar miya. Inda za ki kula shi ne *tsu*, domin tasu ba ta da ƙarfin nan na maƙogwaro da muke sa wa tsuntsu.

Ɗan Gulbi:

Na yarda da Malam a kan hiragana, amma ina roƙon ki, ƴar'uwa, kada karatu ya raba ki da kallon, domin shi ne ya kawo ki, kuma shi zai riƙe ki ranar da kanji suka gajiyar da ke. Abin da nake yi shi ne in kalli kashi ɗaya da fassara, in sake kallon minti biyar daga cikinsa da rubutun Japananci a ƙasa, ina tsayarwa ina maimaitawa da baki. Sai dai ki lura da wanda yake magana da kuma wanda ake yi wa ita. Na taɓa rubuta wa wani dattijo Bajapane da muke musayar darasi ta intanet kalmar *omae*, domin ita nake ji kullum a bakin samarin wasa da ma'anar kai, sai ya yi mini gyara cikin mutunci cewa ba a fuskantar babba da ita. Na ji kunya ƙwarai. Ki fara da siffar ladabi mai ƙarewa da *desu* da *masu*, ki riƙa liƙa *san* a sunan mutum, amma ban da sunanki.

Uwar Almajirai:

Ɗiyata, ni a kan kanji zan tsaya, domin a nan ne na ga mutane suna karaya. Jerin da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 na kanji na amfanin yau da kullum ya ƙunshi 2,136, kuma yaransu suna koyon 1,026 daga ciki a shekaru shida na firamare. Idan ɗan ƙasa da aka haifa a cikin harshen yana buƙatar shekara shida, to babu dalilin da zai sa ki tsananta wa kanki. Wahalar ma ba a yawan take ba, tana cikin karatun ne, domin alama ɗaya kan ɗauki karatu biyu ko fiye, na asalin Japan da wanda aka aro daga Sin. 山 dutse ne, ana cewa *yama* idan yana shi kaɗai, amma *san* ne a sunan dutsen Fuji. 人 mutum ne, *hito*, amma *jin* ne a cikin *Nihonjin*, wato Bajapane. Saboda haka kada ki haddace alama tsirara, ki koye ta a cikin kalmar da kika riga kika ji a wasa.

Na saɓa da masu cewa manhajar waya ta wadatar. Mu da muka yi karatun allo mun san cewa abin da hannu ya rubuta, ya wanke, ya sake rubutawa, shi ne yake zama a ka. Ki sayi littafin rubutu mai gida-gida a babbar kasuwa, ki bi tsarin zanen kamar yadda suke yi, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Da hannu ne kaɗai na iya raba シ da ツ, da kuma ソ da ン, waɗanda ido yake ɗauka tagwaye. Za ki kuma fara ganin ginin alamomin: 木 itace, 林 kurmi, 森 daji, sannan mutum a gefen itace, 休, shi ne hutawa. Don karatu, ki nemi rubutun da aka ɗora wa furigana, wato ƙananan hiragana da ake sawa a kan kanji don nuna karatunsa; shafin labarai na NHK mai sauƙaƙen Japananci yana yin haka.

Ƴar Bagalam:

Allah ya saka muku da alheri, Malam, Yaya da Inna. Yau kwana goma sha biyu da na fara, na gama hiragana, kuma daren jiya na tsayar da hoto na karanta おかえり da idona a kan wata takarda da aka manna a ƙofa, ba tare da na dubi fassara ba. Sai dai wani abu ya ɗaure mini kai: *konnichiwa* nake ji, amma こんにちは na gani a rubuce, kuma alamar ƙarshe *ha* aka koya mini.

Malamin Lise:

Madalla, ƙanwata, kin lura da kyau. Alamar は *ha* ce a cikin kalma, amma idan ta zo tana nuna abin da ake magana a kansa sai a karanta ta *wa*, kuma gaisuwar nan asalinta farkon jimla ce mai ma'anar "yau kuwa", aka yanke sauran. Akwai biyu irinta: へ ana karanta ta *e* idan tana nuna inda aka nufa, を kuma *o*, kamar yadda kika gani a jimlar talabijin. Gobe ki shiga katakana, ki fara da rubuta sunan garinmu: マラディ.